Wanne Kuka Tono?

Shekara ashirin da biyu ina aure a gidan su mijina Morihide a garin Itoman da ke tsibirinmu, kuma duk damina tsakar gidanmu tafki yake zama. Ruwan mako guda sai mu jera katako daga bakin ƙofa zuwa titi. Surukina Seitoku bai taɓa yarda a sa fartanya a tsakar gidan nan ba. Ko garahuni a cikin tukwane nake shukawa. Idan aka yi maganar kwata sai ya ce gidansa ne, wanda ruwa ya dama ya sayi takalmin roba.

Ya rasu a lokacin sanyi. Da damina ta matso, surukata Kamado ta tafi birnin Naha kwana huɗu wurin 'yarta, mijina ya ce dama ta samu.

"Kafin Inna ta dawo mun gama. Ta shigo ƙafarta a bushe."

Aikin ba wuya a baki. Za a ja dogon rami mai zurfin gwiwa daga gindin katanga, ya gangara har lambatun titi. A shimfiɗa yadin da ke tace ƙasa, a zuba tsakuwa, a kwantar da bututu mai huji-huji, a ƙara tsakuwa, a rufe da ƙasa. Ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya fita abinsa. Mota ta sauke tsakuwa a ƙofar gida, muka kama, shi da diga ni da shebur.

Rana ta biyu da hantsi digarsa ta daki ƙarfe.

"Tsohon bututun famfo ne," in ji shi. Ya ƙara masa duka biyu, sannan ya cusa bakin digar a ƙarƙashi yana ƙoƙarin ɓanɓaro shi.

"Kai dai ƙarfi ba dabara," na ce. "Matsa in gani."

Na durƙusa na share laka da hannu. Abin ya kai tsawon damtsena har yatsu, ya yi tsatsa, gindinsa a faɗaɗe, kansa a tsuke. Duk wanda ya yi makaranta a tsibirin nan an nuna masa hotonsa. Harsashin igwar jirgin ruwa ne na lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda ya faɗo bai fashe ba. Na ɗaga kai na ga Morihide ya saki diga, leɓensa ya yi fari.

"Sau nawa na buga shi, Mitsue?"

"Uku."

Ya zauna a kan tulin ƙasa. Da ƙyar na ja shi muka fita titi.

'Yan sanda suka zo, bayansu sojojin kwance bam. Shugabansu ya leƙa ramin, ya dubi tabon diga a jikin ƙarfen, ya dubi mijina. Suka kewaye wurin da buhunan yashi, suka ce ranar Lahadi za a kwashe mutanen layin kafin a taɓa shi.

Bayan kwana biyu Inna ta dawo. Na tare ta a titi ina neman yadda zan faɗa mata kada jininta ya hau. Ta kalli tsakuwa, ta kalli buhunan yashi, ta ajiye jakarta.

"Wa ya ce ku yi tono?"

"Inna, bam muka samu a tsakar gida."

"Wanne kuka tono? Na gindin katanga ko na ƙarƙashin dakali?"

Na ɗauka kunnena ne. Morihide ya matso a hankali.

"Me kika ce, Inna?"

"Biyu ne."

Dakalin nan na siminti a kansa nake wanki. A kansa muke hura gawayi mu gasa nama duk shekara idan dangi sun taru. 'Ya'yana a kansa suka koyi tsalle.

A tsaye a titi ta ba mu labari, muryarta ko rawa ba ta yi. Da aka sako su daga sansanin da aka tsare su bayan yaƙi, ba su tarar da gida ba sai fili cike da ƙarafa. Ita amarya ce, tana da ciki. Seitoku da mahaifinsa suka ɗauki biyun da hannu suka binne, domin ba wanda za a kira. Daga baya da aka fara kwashewa, ya ji tsoro kada a rushe gidan da ya gina da guminsa. Da shekaru suka yi yawa kuma sai kunya ta hana shi.

"Ke fa?" in ji Morihide. "Kina kallon jikokinki suna dire-dire a kai."

"Kullum ina kallo. Ka taɓa ganin na zauna a ɗaki suna waje?"

Ya juya ya tafi ya kira sojojin da kansa.

Ranar Lahadi aka tara mutanen layinmu a zauren makarantar firamare. Kowa ya riga ya ji. Inna ta tashi ba wanda ya sa ta, ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana sunkuyawa tana neman gafara. Wasu suka kau da kai. Da ta iso gaban tsoho Zenko, mai awaki a ƙarshen layi, sai ya riƙe hannunta.

"Ya isa, Kamado. Zauna."

Ya dogara sandarsa ya je wurin sojan da ke bakin ƙofa, muna ji.

"Ɗana, in kun gama da nasu, ku biyo ta bayan garkena."

Can wata tsohuwa ma ta ɗaga hannu.

Bama-bamai biyar aka fitar daga layinmu a watan nan. Sai da aka bi tsakar gidanmu da na'ura taƙi-taƙi kafin a bar mu mu ci gaba. Ma'aikata muka ɗauko suka ƙarasa ramin, ni na zuba tsakuwar, domin Morihide bai sake riƙe diga ba. Ya yi kusan wata biyu ba ya cin abinci tare da mahaifiyarsa. Ita kuwa kullum sai ta zuba nasa ta rufe.