Ƙwayoyin da Hureira ta saya wa Inna

Shekara huɗu ke nan Hajiya Amariya ba ta kai goshinta ƙasa ba. Jiki ya yi mata nauyi, gwiwoyi sun ƙi, sai a kan kujerar roba take salla. Duk 'ya'yanta ba wanda abin ke damu kamar autarta Hureira, mai shagon atamfa a unguwar Kilomita Biyar, don ita ce ke jin tsohuwar tana cewa bayan ta sallame, “Allah ka nuna min ranar da zan sake yi maka sujada kamar kowa.”

Likita ya taɓa gaya musu hanya: a rage mai da sukari, a riƙa ɗan tattaki da safe, kada a yi wasa da maganin hawan jini. Ya ce abin zai ɗauki lokaci. Hajiya ta gwada wata biyu, ba ta ga canji ba, ta watsar.

Wata ranar Laraba wata mai sayen zani ta nuna wa Hureira hotunanta na da a waya, lokacin tana da ƙiba. Hureira ta dubi hoton, ta dubi matar, ta kasa yarda mutum ɗaya ne. Matar ta ce wasu ƙwayoyi ta sha na ganye zalla, daga birnin Duwala ake kawo mata, ba su da wata illa. Washegari ta kawo kwalba biyu. Rubutun jikinsu ba Faransanci ba ne, ba Larabci ba, ba wanda ya iya karantawa.

“Auta, ba za mu tambayi likita ba?” in ji Hajiya.

“Inna, ganye ne fa. Shi likita cewa zai yi ki yi ta haƙuri.”

Cikin sati uku zanin Hajiya ya fara yi mata yawa. Ba ta son abinci, tana yawan zagawa, ƙirjinta na bugawa, amma ta ce ai maganin ne ke aiki. Ranar wata Juma'a ta ture kujerar, ta dafa bango, ta durƙusa har goshinta ya taɓa darduma. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Hureira na tsaye a bakin ƙofa tana share hawaye.

Kwana tara bayan haka idanun Hajiya suka zama rawaya, ƙafafunta suka kumbura, fitsari ya ɗauke. Babban ɗanta Alhasan ya nemo tasi aka kai ta asibiti. Likitar da ta duba ta ta tambaya da Sango, yarensu na gari, ko akwai wani magani da take sha bayan na hawan jini. Hureira ta ciro kwalbar daga jaka.

Likitar ta juya kwalbar, ta girgiza kai. Ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, wataƙila mai sayarwar ma ba ta sani ba, amma hanta da ƙoda duk sun taɓu. Da an kawo ta tun ranar da ƙirjin ya fara bugawa, da akwai abin yi.

Alhasan ya kau da kai daga ƙanwarsa. Da ya zage ta ma da ya fi mata sauƙi.

Kwana biyar Hajiya ta yi a gadon. A na huɗu ta farfaɗo kaɗan, ta lalubo hannun Hureira.

“Daina kukan nan. Alheri kika nufe ni da shi, Allah ya gani.”

“Inna, ke kika ce a tambaya, ni na hana.”

“Ni ma ai da bakina na haɗiya.”

Ta rasu washegari da hantsi.

Ranar sadakar uku, mata sun cika tsakar gida, Hureira ta hango Ruƙayya, ƙawarta ta unguwar Kokoro. Sai ta tuna ita da kanta ta ba Ruƙayya lambar matar mai ƙwayoyin. Ta ja ta bayan ɗaki.

“Kin saya?”

“Yau kwana goma ina sha. Amma ni lafiyata ƙalau, Hureira. Inna ai kwananta ne ya ƙare.”

“Na sani. Duk da haka ɗauko mayafinki, mu je a duba ki.”

Ruƙayya ta ce sai gobe, yau ranar zaman makoki ce. Hureira ba ta saki hannunta ba har suka fita bakin titi ta tsayar da babur.