Ƙofa Ce Ta Buge Ni

Malamar aji uku ta ɗaga haɓar yarinyar zuwa hasken taga. Ƙasan idon hagu ya kumbura, ya yi baƙi.

"Maman Auta, a kan idona yaron da ke zama kusa da ita ya kai mata naushi saboda fensir. Na tambaye ta sau uku, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Har haƙuri ta ba shi! Wa ya koya wa 'yar shekara takwas wannan?"

 Maman Auta ta ja mayafi ya rufe kuncinta, inda hoda ta yi kauri.

"Halin yara ne, Malama," ta ce.

* * *

Shekara da shekaru tana ganin ta iya ɓoyo. Duk ranar da maigidan ya dawo a fusace, sai ta tura Auta ɗaki, ta cije leɓe kada kuka ya fita. Ta haƙura da komai don 'yar nan ta tashi ba ta san komai ba. Da safe ta hau keken ɗinkinta, masu kawo ɗinki su ga fuskarta su tambaya, ta ce ƙofa ce. Baiwar Allah, ta manta da yarinyar da ke gindin keken tana tsintar ƙyallaye, kunnuwa a buɗe.

* * *

A gida ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi tana gasa wa Auta idon.

"Auta, don me ba ki faɗa wa Malama gaskiya ba?"

"In na faɗa zai ƙara fushi, Mama. Kuma ai ni na ɓata masa rai. Yana da kirki fa, in ba a taɓa shi ba."

Kalma da kalma, abin da ita Maman Auta take faɗa wa yayarta ke nan a waya.  Ta rungume yarinyar, ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Sai ga ƙarar babur ɗin maigidan a ƙofar gida.

Auta ta zame daga jikinta. Nan da nan ta kawar da takalma daga hanya, ta zuba ruwa a kofi, ta dawo ta share wa uwarta hawaye da bakin rigar makaranta.

"Yi shiru, Mama," ta raɗa mata. "Kin san ba ya son kuka."

Ta je ta tsaya a bakin ƙofa da kumburarren idonta, tana gwada murmushi.