Sheƙa a Bakin Iyaka

Renske Tolsma ta ƙarar da kusan duk rayuwarta wajen tsaron ƙwan tsuntsaye, sai ga shi da furfurarta an ɗauke ta aikin korarsu. Kullum da safe takan jingine kekenta a jikin shingen filin da kamfani zai gina katafaren sito, ta zura takalmin ruwa, ta shiga ciyawa tana tafi tana kaɗa hannu kamar mai korar kaji daga shanya. Ko'ina a filin an kakkafa sanduna masu ƙyallaye ja da fari, an kuma ɗaura wani shahon roba a kan doguwar gora, iska na juya shi. Duk don kada kiwit, tsuntsun nan namu mai tukku da yake ƙwai a ƙasa, ya sauka ya yi sheƙa. Su kuwa kiwit ɗin ba su ɗauki shahon a bakin komai ba. Ranar da aka kafa shi ma a gindinsa suka wuni suna kiwo.

Ba wanda ya tilasta mata, ita ta nemi aikin da bakinta. Shekaru ta kwashe tana zaman taro a majalisar gari, tana shan kofi mai sanyi, tana sauraron masu kwat suna juya magana ɗaya, har dai aka rubuta a izinin ginin cewa kamfani zai sayi fadamar da ke hayin lambatu ya bar wa tsuntsaye ita, da ruwanta da ciyawarta, ba noma ba gini. Fadamar ta ninka filin siton. Lokacin da Renske take yarinya, kiwit idan suka tashi a ƙasar nan tamu ta Firislan har inuwa suke yi. Yanzu tana iya ƙirga su daga kan keke ba tare da ta taka birki ba. Saboda haka fadamar nan ita ce abu guda da ta taɓa ƙwatowa a rayuwarta, kuma ta sani.

Sai dai izinin yana da sharuɗɗa biyu, kuma duk wanda ya rubuta su bai taɓa sa ƙafa a ciyawa a watan Afrilu ba. Na farko, dole a fara haƙa kafin ƙarshen watan, in ba haka ba izini ya mutu. Idan ya mutu, mai fadamar yana da wani mai saye a hannu, manomin masara, wanda zai janye ruwan ya kife ƙasar. Na biyu, idan aka samu sheƙa mai ƙwai a cikin iyakar filin, aiki ya tsaya cak sai 'yan tsaki sun tashi sama. Yaushe ke nan? Sai Yuni. Shi ya sa Renske take tafi a cikin ciyawa da sassafe, gwiwoyinta na ciwo, yara masu wucewa makaranta na dariya.

"Uwar tsuntsaye, yau kuma su wa aka kora?" in ji Sipke daga saman katafilarsa. Shi ne direban kamfanin, ajinsu ɗaya a firamare, kuma tun a lokacin bakinsa ba ya hutawa. An turo shi ya shimfiɗa faranten ƙarfe a bakin ƙofa, ya zauna jiran ranar da za a ce ya shiga.

"Kai na fara kora, ka ƙi tafiya."

"Ina zan je? Nan ake biyana in ci burodi da cuku in kalli tsohuwa tana rawa."

"Tsohuwa? Wa ya girmi wani? Sauko in ga ko ƙafarka za ta kai ƙasa ba ka yi nishi ba."

A safiyar wata Litinin ta gano wata sheƙa. Ba ƙwan ta fara gani ba, macen ta gani, ta sulale cikin ciyawa kanta a ƙasa, sai da ta yi nisa sannan ta tashi ba ko kuka. Wanda duk ya girma a nan ya san ma'anar wannan tafiya. Renske ta tsaya. Ta bi sawu a hankali, ga ramin nan ɗan ƙarami, ga ƙwai huɗu masu ɗigo-ɗigo, tsininsu duk a ciki. Ta durƙusa tana kallonsu, maimakon murnar da ta saba ji sai haushi ya kama ta.

"Ke kuwa wace irin wawiya ce?" ta ce da tsuntsuwar da ke can tana leƙe. "Ga fadama can an saya miki, ruwa har idon sawu, sai nan kika ga dama?"

Ka'ida ita ce ta kafa sanda, ta buga wa hukumar lardi waya. Ba ta yi ba. Akwai wata dabara da masu tsaron ƙwai suke yi idan garma za ta bi ta kan sheƙa: a yanko ta da ƙasarta, a sa a ɗan kwando marar zurfi, a matsar da ita kaɗan. Idan matsin bai yi yawa ba, uwar takan dawo ta ɗan yi waige-waige, ta hau abinta. Gobe a ƙara. Renske ta sha yi wa manoma haka, amma a filin da ke ƙarƙashin izini laifi ne, kuma ita ce ta fi kowa sanin laifi ne, don tana zaune a taron da aka tsara dokar. Ta auna da ido daga sheƙar zuwa lambatu. Tsakiyar lambatun ce iyaka. Da nisa, amma ba nisan da ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage ba.

Haka ta fara. Kowace safiya ta zo da wuri, ta matsar da kwandon taku guda, ta gyara ciyawa a gefensa, ta koma bayan shinge ta sa madubin hangen nesa. Uwar takan sauka a wurin jiya, ta tsaya, ta karkata kai, sannan ta taka da sauri ta zauna. Sai ta ga ta zauna Renske take sakin numfashi. Daga nan kuma ta shiga ɗaya gefen filin ta ci gaba da korar sauran, hannu ɗaya na raino, ɗaya na kora. Da yamma idan ta koma gida ko abinci ba ta iya dafawa, sai ta zauna da rigar ruwanta a kicin har shayi ya huce.

Wata safiya Sipke ya sauko da filas ɗinsa, ya zuba mata kofi a murfi, ya tsaya kusa da ita yana kallon fili.

"Renske, ni fa a sama nake zaune."

"To, sai aka yi yaya? A ba ka sarauta?"

"Ina ganin komai. Kwandon nan naki tafiya yake yi, ko kuwa idona ne ya tsufa?"

Ta kurɓi kofin ba ta dube shi ba. "Idonka ne."

"Na ce ko. Dama matata ta daɗe tana cewa in je a duba ni." Ya dubi wajen lambatu. "Amma idan idon nawa ya kai bakin lambatu fa? Kwando ba ya iyo."

"Ban kai nan a tunani ba tukuna. Ka bar ni in ji da yau."

"Haba, 'yar gari. Akwai katakai a bayan mota. In shimfiɗa miki su a kan ruwan, in yanko ciyawa da ƙasarta in rufe. Tsuntsuwar ta ga kamar fili ne ya ci gaba."

"A kore ka a banza, Sipke."

"Wa zai kore ni? Katako na ajiye, ba wurin ajiya ne aka ce za a gina ba?"

Sai ruwa ya sauko, irin na Afrilu mai haɗe da iskar teku, ya ƙi ɗaukewa. A irin wannan sanyi ba a tayar da uwa daga kan ƙwai, don kafin ta dawo sun sandare. Renske ta riƙa zuwa tana tsayawa a bayan shinge, ruwa na bin wuyanta, tana kallon ɗan baƙin tukkun a cikin ciyawa, ba ta matsar da komai ba. Kwanakin da ta yi lissafi da su suka narke a haka.

Ranar da rana ta leƙo, sai ga Lammers, wakilin kamfanin, ya fito daga mota yana tsallake taɓo da takalmin ofis. Ba mugun mutum ba ne, shi ma aikin ya ci shi, idanunsa duk sun faɗa.

"Malama Tolsma, jibi mai duba fili zai zo daga lardi. Idan ya ce ba komai, a ranar za mu shiga. Manya sun ce ba za su ƙara ko yini ba, akwai wani gari a bakin babbar hanya da ke roƙonsu su kai siton can." Ya share fuska. "Ki gaya mini gaskiya, fili lafiya?"

"Jibi za ka ji, yallaɓai."

"Wallahi na gaji da wurin nan. Ni ma ina son fadamar nan ta tabbata, ko don in ce na yi abu ɗaya mai kyau."

"Kowa ya gaji," in ji ta.

Bayan ya tafi ta je ta tsaya a gaban sheƙar. Tsakanin sheƙar da katakan da Sipke ya shimfiɗa akwai tafiyar da ya kamata a raba ta kwana da kwanaki. Ta san haka sarai. Ta kuma san idan mai duba fili ya ga kwandon a cikin iyaka, fadama ta tafi, kuma masara ba ta barin ko sheƙa ɗaya, bana ko baɗi. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sunkuya ta ɗauki kwandon da hannu biyu, ɗuminsa na ratsa tafinta, ta taka har kan katakan, ta wuce tsakiyar ruwa kaɗan, ta ajiye.

Uwar ta sauka a inda ta bar ƙwanta. Ta karkata kai, ta zaga, ta dawo. Ta tashi ta yi shawagi a kan lambatu, har Renske ta riƙe shinge da ƙarfi, don babu shakka ta ga ƙwan. Ta sauka a bakin katakan, ta miƙa wuya, ta sa ƙafa ɗaya a kan ciyawar da aka yanko, ta janye. Ta koma wurin da ba komai ta tsaya. Sipke ya kashe rediyonsa.

Washegari Renske ta hau katakan, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara a leɓenta. Sanyi ƙalau, kamar dutsen rafi. Ta gwada sauran, duk haka. Ba ta yi kuka ba, gajiyar ta wuce nan. Baƙin ciki ne kawai ya zauna mata a ƙirji, da sanin cewa ba hankaka ba ne, ba garma ba ce, hannunta ne.

Mai duba fili ya zo a ranar da aka ce, ya zaga da takalmin ruwansa sabo, ya tambaye ta ko akwai sheƙar da ake kwanci a kai a cikin iyaka. Ta ce babu. Gaskiya ta faɗa, kuma ba ta taɓa jin gaskiya mai ɗaci irin wannan ba. Lammers ya kama hannunta da hannu biyu yana godiya, ya ce fadama ta zama ta tsuntsaye daga yau, ya ɗaga wa Sipke hannu.

Katafila ta tashi, ta sauka daga faranten ƙarfe, ta fara yankar ciyawa tana naɗe ta gefe. Ta yi layi ɗaya, ta yi na biyu. A na uku, can wajen lambatu, sai ta tsaya, injin na ruri a banza. Renske ta duba. Uwar ce ta dawo, ta sauka a ɗan gurbin da kwandon ya bari, ta gyara ƙirji ta zauna a kan ƙasa tsura, ga bakin katafila a gabanta, ko gezau.

Sipke ya buɗe ƙofa ya leƙo. Wannan karon babu tsokana a muryarsa.

"Renske, ba zan iya ba. Ni dai ba zan bi ta kanta ba."

Lammers ya dubi mai duba fili, mai duba fili ya fara ɗaga madubinsa na hangen nesa. Idan ya ga tsuntsuwa a kwance zai ce a dakata a bincika, bincike kuwa zai kai su kan katakai.

"Bari," in ji Renske. "Aikina ne."

Ta gyara takalminta ta shiga filin, gwiwoyinta na ƙara. Da ta matso, tsuntsuwar ta ɗago kai ta dube ta, ba ta gudu ba, don ta saba da wannan matar da ke zuwa kowace safiya ta tafi ta bar ta lafiya. Renske ta ɗaga hannuwanta ta yi tafi. Tsuntsuwar ba ta motsa ba. Sai da ta buga ƙafa ta daka mata tsawa, sannan ta tashi.