Hatsin Gidan Tururuwa

Hadijatu 'yar kasuwa ce, jikar 'yan kasuwa. Ka miƙa mata buhun gero a kasuwar Illela, da ɗagawa ɗaya za ta faɗa maka ko an yi masa coge. Amma ka kai ta gona ka ce ta raba tsiron gero da ciyawa, sai dai ta tsaya tana kallonka. Ba laifinta ba ne. Wanda ya tashi ya tarar ana auna hatsi a zauren gidansu, ina ruwansa da inda hatsin ya fito?

Shekarar da aka rufe iyaka ce ta tona asirin irinsu. Mijinta Mukhtari, mai safarar kaya zuwa Ƙonni ta Nijar, ya zauna har zama ya gundure shi, sannan ya bi motar albasa ya yi kudu. Yau wayarsa ta shiga, gobe ta ƙi. Ya bar ta da yara da kuma gonar da ta gada wurin ubanta a hanyar Lafani, wadda shekara da shekaru aro take ba mutane. Bana ta ce da kanta za ta noma. Ta zuba iri a tulu ta liƙe bakinsa da laka. Sai bazara ta yi tsawo, autarta Ummi ta fara kukan yunwa, kuma babu uwar da za ta zauna kallon tulu tana jin wannan kuka. Kafin hadari ya fara leƙowa daga gabas, irin ya bi ta tukunya.

Goggo Abu, yayar ubanta, ita ta koya mata bin daji neman abin ci. Tsohuwa ce mai ƙashi, ba ta sayen abin da Allah ya shuka kyauta. Ta nuna mata yaɗiya, ta nuna mata anza da yadda ake jiƙa ta har ɗacin ya fita. Wata rana suna dawowa ta tsaya a wani fako da babu ko tsinke ɗaya a kansa, sai rami a tsakiya da ƙaiƙayi kewaye da shi. Baƙaƙen tururuwa na shiga suna fita.

"Zamanin yunwa nan munka ci," in ji Goggo Abu. "Rumbu na gare su ƙasa, ya hi na magidanci da yawa. In ta matse ki, ki ɗebi na bisa, ki bar musu na ƙasa. Kuma ki jiya da kyau: hatsin tururuwa ci aka yi, ba a shipka shi."

"Don mi, Goggo?"

"Don mi? Ke ɗiyag ga, komi sai an auna miki? Haka munka iske."

Ga mutum irin Hadijatu, maganar da ba ta da dalili kaya ne marasa farashi, sai yadda ka taya. Ta koma ita kaɗai da rana tsaka, da fartanya da buhu.

Ƙasar ta yi tauri, ta sha sara kafin ta buɗe. Abin da Hadijatu ta gani ya sa ta ajiye fartanyar. Ɗakuna ne ƙanana a jere, kowanne da abin da ke cikinsa: nan ƙwayar ciyawa, nan dawa, nan gero tas, babu tsakuwa babu dusa, kamar wadda ta fi kowa iya shiƙa ce ta gyara shi. Ta naɗe zane ta shirya wa cizo. Ko ɗaya ba ta cije ta ba. Tururuwan ba su watse ba, ba su ɗauki ƙwai sun gudu ba yadda suka saba. Tsayawa suka yi cak, dubbai, a bakin ramin da jikin bangonsa, kawunansu duk suna fuskantarta. Iska ta ɗauke. Ko kurciya ba ta kuka.

Tsoro ya kama ta, gaskiya ya kama ta. Amma ta kwashe na bisa, ta ga bai kai abin da zai rufe gona ba. Ƙasa da shi akwai wani ɗaki babba, geronsa manya, ja-ja, irin da ba ta taɓa gani a kasuwa ba. Ta zura hannu har kafaɗa ta share shi. Da ta waiwaya daga nesa, suna nan yadda ta bar su.

A gida ta dama wa yara kunu da ƙwayar ciyawar, geron kuwa ta hana kowa taɓawa. Abu ɗaya ya dame ta. Gidan da ko ɗigon kunu ya faɗi sai kiyashi sun taru, yanzu babu ko ɗaya. Ta bar ludayi a ƙasa da gangan, ya bushe babu abin da ya hau shi.

Binne ta yi, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Ta ari sungumi wurin Bashar, maƙwabcin gonarta. Ta sara, ta jefa, ta take da diddige, layi bayan layi, har bayanta ya ƙage. Bashar ya leƙa ƙwaryarta ya ce, "Wanga iri ina kinka samo shi?" Ta ce daga Nijar aka aiko mata. Ya ƙara dubawa, ya koma bakin aikinsa.

Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Bayan 'yan kwanaki duk gonakin hanyar Lafani suka yi kore, tsiro ya fito siriri a layi. Hadijatu ta goya Ummi ta tafi da hantsi, zuciyarta fara ƙal. Tun daga nesa ta hango gonarta ja a tsakanin na mutane. Ta ce ƙila irin mai nauyin tashi ne.

Da ta shiga ta ga ko ciyawa ba ta fito ba. Ta sunkuya a wurin saran farko. Inda diddigenta ya taka akwai ɗan rami, da ƙaiƙayi kewaye da bakinsa. Ta matsa na biyu, haka. Na uku, haka. Ta miƙe ta dubi gonar, sai ta ga ramukan a jere daga wannan iyaka zuwa waccan, daidai da takunta, har da inda layinta ya karkace saboda gajiya. A bakin kowane rami tururuwa ɗaya na tsaye, ba ta motsi.

Ummi da ke goye ta ɓoye fuska a bayan uwarta.

Bashar ya zo da ragowar irinsa a ƙulle, don ya ga gonar tun jiya ya ce a ransa zai taimaka mata ta sake shuka. Ya tsaya a kan iyaka, bai tsallako ba. Ya daɗe yana duban ramukan.

"Malam Bashar, don Allah," in ji ta. "Ɗiyana."

"Hadijatu, ko na ba ki, ba ke nib ba ba," in ji shi a hankali. "Wagga gona ta samu masu ita." Ya mayar da ƙullin cikin aljihu, ya koma gonarsa da baya da baya.

Ta yi kuka ranar, kukan babba, mai zafi, don ta san damina ba ta dawowa ta jira wanda ya makara. Amma ciki bai san an yi asara ba. Da tafasa ta fito a gefen hanya, ta ɗauki ƙwarya ta fita tsinka, kuma inda ta fi yawa shi ne bakin gonar ubanta. Ta ɗaga ƙafa za ta taka iyakar, sai ta ji bakinta ya yi sallama. Ta tsaya da ƙwarya a hannu tana jira a amsa.