Kafar Allura

Tela ya lasa bakin zaren, ya murza shi tsakanin yatsu. A waje motar ɗaukar kaya na tsaye, injinta a kunne. 'Yan dako biyu sun jingina da ita suna leƙen shagon.

"Ka ce su kashe motar nan," in ji shi. "Ba gawa suka zo ɗauka ba."

Babban ɗansa bai motsa daga bakin ƙofa ba. Daga asibiti yake, warin magani bai bar rigarsa ba. Can ya baro mahaifiyarsa da robar numfashi a hanci.

"Baba, ai mun gama magana. Likita ya ce yanar ido ta rufe maka gani. Ka dawo gidana, keken a kai shi ɗakin ajiya. Wa zai duba ka a nan?"

"Likitan naka ya taɓa ɗinka ko aljihu?"

"To ga wandon mai kanti nan, ƙafa ɗaya ta rage kalmasa. Ka yi ina gani. In ka yi, in sallami motar."

"Ni za ka gwada? Ni na ɗinka maka wandon makaranta kana jiƙa shi da fitsari."

Ya juya ga keken. Baƙi ne, mai feda, zanen jikinsa duk ya goge. Hannunsa ya san hanya. Ya ja zaren daga sama, ya rataya shi a ƙugiya, ya zura shi tsakanin ƙananan faifan ƙarfe biyu masu matse shi, ya ɗago shi ya sa a ƙarfen nan mai hawa da sauka, ya gangaro da shi. Ya taɓa ƙoshiyar zare a ƙasa, tana cike. Duk wannan ko a duhu zai yi.

Saura kafar allura.

Ya daɗe rabonsa da ganinta. Kullum da safe matarsa kan kawo masa shayi. Sai ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi, wai yana shan iska. Kafin ya dawo zare na cikin allura. Bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Ranar da aka kwantar da ita baƙin zare ta bari a ciki, shi ya yi ta lallaɓawa, fari da shuɗi duk da baƙi yake ɗinka su. Jiya da yamma ya tsinke.

Ya sunkuya. Allurar ta zama biyu, sannan ta narke cikin hazo. Ya tura zaren, ya lanƙwashe. Ya sake lasa. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya yi tari, ɗayan ya fara kwance igiya.

Tela ya sake turawa, ya ji kamar ya shiga. Ya sa ƙafar wandon, ya sauke takalmin keken ya danne yadin, ya juya ƙaramar tayar da tafin hannu, ya taka feda.

Ƙarar keke marar zare daban take, ba ta da nauyi. Ya ji ta tun daga takun farko. Bai tsaya ba. Ya zagaye ƙafar wandon har ƙarshe, bayansa a miƙe, sannan ya zaro shi ya miƙa.

"Ungo. Duba."

Ɗan ya ɗaga wandon sashen haske. Kalmasar ta warware ta zubo. Layin huda ne kawai a jikin yadin, miƙaƙƙe sambal, ba ko karkata. Zaren yana reto a gefen allura.

Ya daɗe yana kallo. Wayarsa ta yi gunji a aljihu, ya dafe ta daga waje har ta yi shiru.

"Jiya da ta farka," in ji shi a hankali, "ba ta tambayi kowa ba. Cewa ta yi wa ke kai maka shayi."

Tela ya dafa teburin keken ya miƙe, ya raɓa ta gefen ɗansa ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana fuskantar titin da ba ya gani. 'Yan dakon suka gyara tsayuwa.

"Yallaɓai, mu shigo?"

Ba wanda ya kula su. A bayansa Tela ya ji kujerarsa ta yi ƙara, ya ji numfashin mutum da ya sunkuya kusa da allura yana fama.

"Daga hagu ake sawa," ya ce, bai waiwaya ba.

Can ɗan ya ce, "Ya shiga, Baba."

"Gobe fa?" in ji Tela.

Wayar ta sake gunji. Wannan karon ɗan ya ciro ta, ya tsaya yana kallon lambar asibitin. A waje motar ba ta mutu ba.