Dusar Ƙanƙarar Baba Normand

"Kai da wa za ku hau dutsen?" in ji Lalla Zhor, tana tsaye a bakin ƙofa da butar shayi a hannu.

Si Mbarek bai ɗago ya dubi matarsa ba. Yana tsugune a lungu yana dirzar akwatunan da yake kai wa masunta ƙanƙara a ciki, da sabulu da lemun tsami, don ƙarnin kifi ya fita. "Ni da motata."

"Motar da ko kasuwa za ta sai an lallashe ta?"

"Baba Normand ya ce yana so ya taɓa dusar ƙanƙara. Da kunnena na ji, Zhor. Ba zan yi kamar ban ji ba."

Baba Normand maƙwabcinsu ne, bango ɗaya ya raba su. Sama da shekara ashirin ke nan da ya sauka garinsu Essaouira na bakin teku daga Kebek ta ƙasar Kanada, shi da matarsa Thérèse, suka buɗe ɗan gidan abinci a ƙasan gidansu. Sun rataya tutar Kanada mai jan ganye, da tsohuwar sandar wasan kan ƙanƙara, da hoton wani kogi da ya daskare. Abincin ma na can ne, soyayyen dankali da cuku da romo, sai miyar wake. Tun watan farko ya daina sa naman alade a miyar, ya koma na rago, ya ce ba zai dafa abin da ba zai iya miƙa wa maƙwabcinsa ba. Da Thérèse ta rasu, Lalla Zhor ce ta karɓi girkin, har ta fi shi iyawa, ko da yake bai taɓa yarda ba.

Abin da bai taɓa daina ba Si Mbarek dariya ba shi ne baƙin gidan. Mutum ya tsallake teku yana gudun sanyin garinsu, ga kifi gasasshe a bakin ruwa, ga tajin, dahuwar tukunyar ƙasa, kala-kala, amma kafin ya gama warware kaya sai ka gan shi yana bin lungu yana cigiyar dankalin da ya baro a gida. Ya taɓa tambayar mai gidan dalili.

"Ba yunwa ke kawo su ba, maƙwabci," in ji Baba Normand. "So suke su zauna inda za a tsokane su da bakin garinsu."

Tsokana kuwa ya iya ta. Kowa ya shigo sai ya tambaye shi garinsu, ya kushe garin tas, sannan ya ƙara masa romo.

Duk ƙarshen sanyi yana da wani biki nasa. Zai fito da wani dogon kwami na katako, Si Mbarek ya cika shi da niƙaƙƙiyar ƙanƙara daga tashar jiragen ruwa, shi kuma ya tafasa zumar itacen ƙasarsu da ake aiko masa a gwangwani, ya tsiyaya ta layi-layi a kai. Tana yin danƙo sai kowa ya sa tsinke ya naɗe. Baƙi da yaran unguwa layi ɗaya suke bi, ba wanda ake hanawa. Kuma kowace shekara sai ya damƙi ƙanƙarar ya girgiza kai ya ce, "Na gode, maƙwabci, amma wannan tsakuwa ce." Si Mbarek kuma ya ce, "Ka gode wa Allah, a garin nan ko tsakuwar ba kowa ke samu ba."

Bana dai ciwon huhu ya kwantar da shi. Likita ya ce jirgi ba zai ɗauke shi a haka ba, shi kuma ya ce dama wa ya ce zai tafi ya bar Thérèse ita kaɗai. Da safiyar ranar da yake wanke akwatunan nan, Si Mbarek ya hau sama wurinsa da ɗan guntun ƙanƙara yana jiƙa masa leɓe, sai tsohon ya ce a hankali, "Ina ma ta gaske ce. Ko sau ɗaya in sake sa hannu a ciki." Bai roƙi kowa ba, maganar ce kawai ta suɓuce masa. Amma ta tsaya wa Si Mbarek a rai.

Yana cikin wanke akwatunan sai wani ƙaton mutum ya fito daga gidan abincin yana goge baki, rana ta gasa masa fuska jawur. Réjean ke nan. Shi da matarsa Lucille hutu suka zo daga Kanada, kuma tun da suka gano gidan ba su ƙara cin abincin otal ba. Shekara talatin yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara a garinsu, ranar da ya ajiye aiki ya rantse ba zai ƙara taɓa ta ba.

"Na ji abin da kake shiryawa," in ji shi. "Ka taɓa ɗebo ta?"

"Yallaɓai, ƙanƙara fa sana'ata ce."

"Ƙanƙara daban, wannan daban. Da me za ka ɗiba?"

Si Mbarek ya ɗaga wani tsohon kwano. Réjean ya dubi kwanon, ya dubi takalmin fatar da ke ƙafarsa, ya yi ajiyar zuciya. "Nemo shebur. Gobe ka tashe ni."

Lucille ta leƙo daga ciki. "Réjean, kai da ka yi rantsuwa?"

"Na rantse ba zan ƙara kwashe ta daga ƙofar kowa ba. Kawowa ba ta cikin rantsuwar."

Bayan sallar asuba suka kama hanya. Suka wuce Marrakesh, motar ta fara hawan dutsen Ukaimeden tana tari tana haƙuri. Da suka hango farin farko a gefen titi, Si Mbarek ya taka birki ya dire da shebur, yana murna kamar yaro.

"Tsaya," in ji Réjean. Ya sa ƙafa ya daki wurin, ya ji tauri. "Wannan ta narke ta sake daskarewa. In ka kai masa ita, tsakuwarka ka sake kai masa. Can sama za mu, bayan duwatsun nan, inda rana ba ta kaiwa."

Suka hau da ƙafa, suna jan akwatuna. Si Mbarek ya zame ya fi a ƙirga, jallabiyarsa ta jiƙe har gwiwa, yana faɗuwa yana salati, ƙaton kuma yana gaba yana takawa kamar a tsakar gidansu. A inuwar wani dutse Réjean ya durƙusa, ya kankare ɓawon sama, ya cusa hannu ya ɗebo ta ƙasa. Ya kai ta kusa da kunnen Si Mbarek ya matse. Ta yi wata 'yar ƙara siririya.

"Ka ji? Wannan yake nema."

Si Mbarek ya ɗiba da kansa. Duk rayuwarsa yana fasa ƙanƙara da guduma, bai taɓa sanin akwai mai laushi haka ba, ba nauyi, ba kaifi. Sai a lokacin ya gane tsohon ba raini yake masa ba duk shekarun nan, kewa ce. Abin ya ba shi tausayi ƙwarai.

Réjean ya danƙare akwati biyu, ya bi su da ƙafa har suka yi tauri. Na ukun ya zuba a hankali bai danna ba, ya ce shi ne na tsoho, a sa shi a tsakiyar biyun su tsare shi. Si Mbarek ya naɗe su da barguna ya ɗaure, nan kam fanninsa ne, ƙaton ma ya jinjina masa.

Saukowa ce ta zame musu aiki. Da suka shiga fili rana ta buɗe, ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan ƙofar baya. Wayar Si Mbarek ta yi ƙara, Lalla Zhor ce.

"Kuna ina? Numfashinsa ya canza. Sai tambaya yake ko maƙwabci ya dawo."

"Ki ce masa muna hanya. Ki ce masa in ya kuskura ya tafi bai jira ni ba, ba ni ba shi."

Réjean ya juya yana kallon waje. Ba su yi nisa da garin Shishawa ba sai hayaƙi ya turnuƙe daga gaban motar, injin ya yi zafi ya tsaya. Ba gida, ba rijiya, jarkar ruwan da suka zo da ita tun a hawan dutse motar ta shanye. Suka dubi juna. Réjean ya buɗe baya ya jawo ɗaya daga cikin danƙararrun akwatunan.

"In muka cire wannan, na tsakiyar zai sha rana," in ji Si Mbarek.

"In ba mu cire ba, duka ukun a nan za su ƙare, mu ma muna kallo."

Suka tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasa suka ba injin, sauran suka baza a faranti ya narke suka ƙara masa. Si Mbarek ya tuɓe jallabiyarsa ya lulluɓe gefen da ya rage a buɗe, ya tuƙa sauran hanyar da 'yar shara.

Rana ta yi sanyi sanda suka iso ƙofar gari, inda mota ba ta shiga. Suka ɗora akwatunan a amalanke, suka tura ta cikin lungu da gudu, mutane suna darewa. Si Mbarek ya zaci sama za su hau da kaya, sai ya tarar an riga an sauko da tsohon. Shi ya matsa, ya ce ba a yin wannan biki a ɗakin kwana, baƙi suka ɗauko shi a kujera. Gidan cike yake da mutanen Kanada 'yan hutu, wasu da rairayi a ƙafa, dankalinsu ya huce a gabansu ba wanda ya taɓa. Yaran unguwa sun toshe ƙofa da tsinkayensu.

Réjean ya ajiye akwatin tsakiya a kan kujera kusa da tsohon. Si Mbarek ya kwance barguna, ya ɗaga murfin. Gefe-gefen duk ya zube ya zama ruwa. Amma tsakiyar tana nan fara sol.

Baba Normand ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga hannunsa da ya rame, ya nutsa shi a ciki. Ya ɗebo kaɗan, ya kai kunne da ƙyar, ya matse. Gidan ya yi tsit, har na bakin ƙofa sai da suka ji 'yar ƙarar. Wata dattijuwa a teburin baya ta sa hannu ta rufe baki.

"Maƙwabci," in ji shi.

"Na'am, Baba. Tsakuwa ce?"

Tsohon ya yi murmushi, hawaye na bin gefen hancinsa. "Yau kam ka kawo." Ya ja numfashi, ya dubi ƙaton. "Kai kuma ɗan wane gari ne ma?"

"Chicoutimi, Baba."

"Shi ya sa. Ku dama ban da shebur ba ku iya komai ba."

Dariya ta ɓarke a gidan, irin wadda ake yi ana share ido. Tsohon ya ce to me ake jira, yara na tsaye. Aka juye ɗaya akwatin a kwami, Lucille da Lalla Zhor suka tsaya kan tukunya, yana daga kujera yana musu faɗa wai zumar ba ta yi ba tukuna, a ƙara mata wuta. Da ta yi, aka tsiyaya ta layi-layi, baƙi da yara suka bi layi ɗaya kamar kullum. Lalla Zhor ta naɗo kaɗan ta shafa masa a leɓe, ya lasa, ya ce ta kusa iyawa.

Kafin a mayar da shi sama ya sake miƙa hannu, ya kifa tafinsa a kan dusar, ya danna, ya bar shi a nan har sai da Si Mbarek ya ga yatsun sun yi fari. Ya ɗago hannun ya rungume shi cikin nasa yana hura masa ɗumi. Akwatin kuma ya rufe shi, ya tura shi a amalanke zuwa ɗakin sanyinsa na bakin ruwa, ya ɗora a can sama, nesa da kifi.

Washegari da hantsi Baba Normand ya cika, Lalla Zhor na gefensa, tagar a buɗe.

An rufe shi kusa da Thérèse, a maƙabartar Kiristoci da ke jin ƙarar teku. Mutanen lungu suka zo, 'yan hutu ma suka zo, wasunsu sau ɗaya suka taɓa cin miyarsa. Da aka gama, mutane suka fara juyawa, sai ga Si Mbarek ya shigo da akwatin dusar a kafaɗa. Ya ajiye, ya buɗe. Réjean ya karɓi shebur daga hannun mai haƙa kabari, ya zura shi a hankali ta ƙasa, ya ɗago dusar gaba ɗaya ba tare da ta tsage ba, ya kwantar da ita a kan jar ƙasar.

Sawun hannun yana nan, tafi da yatsu biyar. Suka tsaya su biyu, ɗaya da hula a hannu, ɗaya da akwati ba komai a ciki, suna kallon ruwa yana taruwa a hankali a gurbin yatsun.