Gwangwanin Ashiru

"Kun ga maƙogwaron ya kama aiki ko?" in ji Daudu. "Mutumin da ko kunu sai an yi fama da shi, yau ga shi yana haɗiya kamar an ba shi kwangila."

'Yan dubiya suka yi dariya. Ashiru ya murmusa, kansa a ƙasa, ya sake haɗiyar yawu.

Dattijo Daudu maƙwabcinsa ne a Kazaure, katanga ɗaya ta raba su. Shi ya raka shi asibiti aka cire masa hakin wuya, tsokar nan biyu ta maƙogwaro da ta daɗe tana kumbura masa. A gabansa likita ya ce idan aka ga jini a yawu, ko bayan mako ne, a dawo da shi maza. Daudu ya riƙe maganar. Kullum sai ya leƙa gwangwanin yashin da Ashiru ke tofa yawu a ciki. Yau ma ya leƙa, yashi fes.

Abin da bai kawo a ransa ba shi ne baƙon da ke zaune a zauren. Surukin Ashiru, Malam Hussaini, ya taso daga Kanya Babba da ƙwaryar nono, tun hantsi yana nan. Ashiru kuwa Bafulatani ne ɗan gidan kunya. Ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa, balle ya tofar da yawu.

"Yaya jikin?" Malam Hussaini ya tambaya.

"Da sauƙi, Baffa."

"Ka yi fari fa."

"Zaman ɗaki ne," in ji Daudu. "Mai Keke Napep in ya bar rana, ai Balarabe yake komawa."

Da aka kira azahar, surukin ya fita alwala. Ashiru ya miƙa hannu ga gwangwanin, bai kai ba. Amai ya kece masa a kan tabarma, jini baƙi, guda-guda.

Daudu ya riƙe kafaɗarsa. "Tun yaushe?"

"Tun da Baffa ya iso." Ya ja numfashi. "Baba Daudu, a naɗe tabarmar nan kafin ya shigo."

A cikin Kekensa aka kai shi, wani abokin sana'arsa na ja. Ma'aikaciyar asibitin ta duba idonsa, ta ce wurin aikin ne ya ɓalle, jinin duk ciki ya yi ta tafiya. Ana neman wanda jininsu ya zo ɗaya, rai ya yi halinsa.

A zaman makoki Malam Hussaini ya ce, "Wallahi ban taɓa ganin yaro mai kunya irinsa ba."

"Haka ne," in ji Daudu.

Da yamma ya shiga zauren ɗauko butarsa. Matan gidan sun wanke tabarmar, sun shanya a kan katanga, tana ɗiga ta ɓangarensa. Gwangwanin na nan a lungu inda ya bar shi, yashin a bushe.